Sauke Shi Ƙasa

Mutum huɗu ne a cikin wannan labari, ni ne na biyar, kuma ya kamata ku san su kafin ku ji abin da ya faru. Na farko shi ne Bappa Hammadu, ƙanen mahaifina, mai garejin nan na Demsawo inda yawancinku kuke aiki yanzu. Gidansa yana Makama a cikin garin Yola. Na biyu Malam Sani mai walda, Bakano, wanda ya auri ƙanwar matar Bappa, ya biyo ta Jimeta. A lokacin bai daɗe da zuwa ba. Na uku Bitrus, direba, mutumin arewacin jihar nan, wanda nake kira Hamma domin ya girme ni sosai. Na huɗu Oga Sunday, mai sayar da kayan mota na gwanjo a Jimeta. Ni kuwa na gama karatun injiniya, na yi bautar ƙasa, aikin ofis bai samu ba, Bappa ya ce in zo in ga yadda ƙarfe yake idan ya bar takarda. Yana kirana Modibbo, wato malam da Fulfulde, saboda ina yawan gyara wa mutane Hausa. Ranar da aka zaɓa wa motar Bitrus rak, ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, ba ta taɓa fita daga raina ba.

Motar ta mahaifinsa ce, tsohuwar salun mai ƙofa huɗu wadda aka daɗe da daina ƙera irinta. A shekarar da garuruwan arewacin jihar suka faɗa hannun 'yan ta'adda, a cikinta Bitrus ya zuba mahaifiyarsa da matarsa da 'ya'yansa da wasu maƙwabta, ya bar titi ya bi daji da su har suka iso Yola. Mahaifin ya ce ba zai bar gidansa ba. Ba a sake ganinsa ba, gidan kuma an ƙone shi. Motar ce kaɗai abin da ya rage na wannan gida.

Bayan hankali ya ɗan kwanta, matasa suka fara tseren motoci a wani fili kusa da Namtari, da rani, bayan an kwashe amfanin gona. Ba a cin wani abin kirki, sai suna, wani lokaci rago. Bitrus yana jan motar haya ta wani mutum a ranakun aiki, ranar Asabar kuwa sai ya fito da ta mahaifinsa, wadda ya cire wa kujerun baya ya sa mata ƙarafan kariya a ciki. Bappa ya taɓa tambayarsa a gabana me ya sa mutum zai kai gadonsa guda ɗaya filin tsere.

Ya ce, “Bappa, a Jimeta sunana ɗan gudun hijira. A filin can kuwa direba suke ce mini.”

Bappa bai sake tayar da maganar ba.

Matsalar motar tana wajen juya ta. Tsofaffin motoci irinta suna da akwatin sitiyari, wanda makanikai ke kira bokis: akwati ne na ƙarfe a jikin shasi, wato ƙarfen da gangar mota take zaune a kai, sandar sitiyari tana shiga cikinsa, shi kuma yana tura wasu sanduna da gwiwoyi har motsin ya kai ga tayoyi. Na motar Bitrus ya sha duwatsu a tafiyar nan ta daji, ya yi wasa mai yawa. Sai ka murɗa sitiyarin kusan faɗin tafin hannu kafin taya ta amsa. An ɗaure shi har ya kai ƙarshen ɗauri, sabo babu, na gwanjo ma babu. Abin da ya rage shi ne a cire shi a sa rak. Shi rak doguwar sanda ce mai haƙora a cikin bututu, tana kwance daga hagu zuwa dama tsakanin tayoyin gaba, kowane gefe da tayarod, wato siririn ƙarfen da ke haɗa ta da taya. Ya fi bokis sauƙin nauyi, ya fi shi saurin amsawa, shi ya sa masu tsere suke son sa. Amma ba a ƙera motar domin sa ba. Dole a yanke mazaunin bokis daga shasi, a gajarta sandar sitiyari, a yi sabon mazauni da walda.

Bappa ya gaya masa gaskiya tun ranar farko. Ya ce, “In mun yanka, motan nan ba zai koma yadda babanka ya bar shi ba. Ka yi tunani.”

Bitrus ya ce ya yi.

Ku lura da yadda Bappa ya faɗi maganar, domin a nan al'amarin yake. Bappa Bafulatani ne, da Fulfulde ya tashi, Hausarsa ta Yola ce. A bakinsa mota “shi” ce, taya “shi” ce, matarsa ma wani lokaci “shi” ce. Ba ya rikitar da kowa a gareji, domin ba ya cewa “shi” sai hannunsa ko sifanar da ke hannunsa tana nuna abin da yake nufi.

Ranar Litinin muka je wurin Oga Sunday, ni da Bappa da Bitrus. Yana da rak jibge a bayan shago kamar itacen girki. Zaɓen rak ba ɗauka ka biya ba ne. Da farko Bappa ya ware waɗanda aka ƙera su zauna a gaban tsakiyar taya, domin a motar Bitrus daga bayan tsakiyar taya ake tura tayoyin gaba. Idan aka sa irin wancan, ka murɗa dama motar ta yi hagu. Sannan ya ware na motocin da sitiyarinsu yake hannun dama. Sannan masu amfani da mai da famfo, domin injin motar ba shi da wurin ɗaura famfon. Ni ina riƙe kowanne ina murɗa shi a hankali in ji ko haƙoran sun cinye a tsakiya. Oga Sunday yana tsaye yana yabon duk wanda muka jefar.

Ya ce, “Oga Hammadu, dis one na correct. Daga jirgi ya sauka jiya jiya.”

Bappa ya ce, “Jirgin ya nutse ne? Ga tsatsa har cikin haƙori.”

“Tsatsa na waje ne. Ciki sabo.”

“Kamar kai,” in ji Bappa.

A ƙarshe biyu suka rage, dukansu lafiyayyu. Ɗaya dogo, ɗaya gajere, bambancin bai wuce tsawon yatsa ba. Gajeren ya fi sauri, murɗawa kaɗan sai taya ta kai ƙarshe, kuma tun a wurin idon Bitrus yake kansa. Oga Sunday ya yarda mu tafi da biyun mu gwada, da sharaɗin zai zo ranar Alhamis da la'asar ya karɓi wanda ba mu so, domin akwai wani mutumin Numan da yake jiran ko wanne ne.

A hanya Bitrus ya ce, “Gajeren nan ya yi mini.”

Bappa ya ce, “Ba kai za ka zaɓa ba. Motan ne zai zaɓa.”

Abin da yake nufi shi ne wannan. Tayar gaba ba a tsaye take cak ba, tana hawa tana sauka a kan wani hannu na ƙarfe da ke maƙale da shasi. Tayarod ma yana hawa yana sauka tare da ita. Idan tushen tayarod ya zo daidai da tushen hannun, kuma suna kwance a layi ɗaya, to tare suke tafiya, taya tana kallon gabanta duk yadda hanya ta kasance. Idan rak ya yi gajarta ko ya zauna a wurin da ba nasa ba, duk lokacin da taya ta hau tudu ko ta faɗa rami sai tayarod ya ja ta gefe, ba tare da direba ya taɓa sitiyari ba. Hanyar Bappa ta gane wannan ɗaya ce. A sauke mota daga turakun ƙarfe ta tsaya da tayoyinta, a ɗora buhunan yashi a kujerar direba daidai nauyinsa, sannan a ɗaura kowane rak da waya a auna. Motar da ke sama tayoyinta reto suke yi, sun sunkuyo ciki, tazarar da ke tsakaninsu ta ragu. Awon da aka yi a haka ba awon motar ba ne.

Talata da Laraba muka cire bokis, Malam Sani ya yanke mazauninsa. Aikinsa mai tsabta ne, ban ga wanda ya fi shi jan walda a garin nan ba. Sai dai ƙofofi da tankunan ruwa da bodin manyan motoci ya saba yi, bai taɓa aikin ƙafar mota ba, kuma bai taɓa ganin Bappa yana zaɓen rak ba. An shirya za a yi awon ranar Alhamis da safe. Da asubar ranar aka yi rasuwa a Makama, maƙwabcin Bappa ne na ƙut da ƙut. Ni na ja shi a mota zuwa jana'iza, muka zauna karɓar gaisuwa.

Ƙa'idar garejin ita ce, babu mai yanka ko kama ƙarfe da walda a shasin mota sai da izinin Bappa. Shi ya sa bayan azahar Malam Sani ya kira shi a waya. Bappa ya koma gefen rumfa, ni ina kusa da shi, ina jin muryar Malam Sani.

Ya ce, “Bappa, Allah ya ba da haƙuri. Oga Sunday ya ce yana hanya, mutumin Numan ya iso. Na ɗaura gajeren da waya a jikin motar, ya zauna kamar don ita aka yi shi. In kama?”

Bappa ya ce, “A'a. Sauke shi ƙasa tukuna, ka auna. In ya yi daidai a ƙasa, ka kama, ka ba Sunday ɗayan.”

Yana maganar yana shimfiɗa tafin hannunsa yana yin ƙasa da shi a hankali, yadda mota take sauka daga jak. Ni da nake kallon hannun ban ji wani abu ya rage a maganar ba. Malam Sani ya ce to, aka kashe waya, wasu masu gaisuwa suka iso.

Malam Sani ya yi abin da aka ce. Ya kwance wayar, ya sauke rak ɗin ƙasa, ya shimfiɗa shi a kan siminti, ya auna shi daga wannan baki zuwa wancan. Ya auna tazarar da ke tsakanin tayoyin motar, tana nan a kan turakunta. Awon ya zo daidai. Ya yi mazauni, ya kama shi da walda mai kyau, ya gajarta sandar sitiyari ya haɗa. Oga Sunday ya ɗauki dogon, kafin magariba yana hanyar Numan.

Ranar Juma'a da safe muka shigo. Bappa ya tsaya a bakin rumfa yana kallon motar a sama, da sabuwar walda tana ƙyalli a ƙarƙashinta.

Ya ce, “Sani, ka sake ɗaga shi ne?”

“Wa?”

“Motan.”

“Ai ban sauke ta ba, Bappa.”

“Na ce ka sauke shi ƙasa.”

“Na sauke shi. Ga alamar alli can inda na auna shi.”

“Motan nake nufi.”

Malam Sani ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce, “Bappa, mota ai ita ce. Da ka ce in sauke ta, da na sauke ta.”

Bappa ya ce, “Wa ya biya sadakinsa har ya zama mace?”

Wasu suka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Bappa ya juyo gare ni. “Modibbo, kai ne alƙalin Hausa. Wa ke da gaskiya?”

Na ce masa a nahawu Malam Sani ne, a Yola kuwa shi ne. Ya ce wannan hukuncin ba zai juya taya ba.

Muka sauke motar. Tayoyin suka buɗe, gajeren ya kasa kai musu sai da muka warware bakin tayarod na kowane gefe. Da Bitrus ya zo, Bappa bai ɓoye masa komai ba. Ya ja zare a gefen tayar gaba, ya ɗaure sitiyari da igiya, ya sa mutum uku suka hau gaban motar suna danna ta suna saki. Duk dannawa sai bakin tayar ya kauce wa zaren, duk saki sai ya dawo ya wuce. Bitrus ya tsuguna ya kalla da idonsa. Muka kira Oga Sunday, ya ce dogon ya tafi, irinsa kuma sai kaya sun zo daga kudu, ba wannan makon ba, watakila ba wannan watan ba. Tseren gobe ne, kuma shi ne na ƙarshe kafin ruwa ya sauka masu gona su karɓi filinsu.

Bitrus ya ce a bar shi ya zaga da ita. Na shiga tare da shi, muka bi kwalta muka dawo. Dole in faɗi gaskiya, a kan kwalta motar ta yi daɗi. Ban taɓa jin ta tana amsawa haka ba. Ya fito yana murmushi.

Bappa ya ce, “Kwalta shimfiɗa ne. Namtari gona ne.”

Bitrus ya ce, “Bappa, da wancan bokis ɗin na ratsa daji, ana harbi a bayanmu, sitiyari yana wasa kamar ba a haɗa shi da komai ba. Wannan ɗan motsin ne zai hana ni?”

“Wancan yana jiranka ne. Kai ka murɗa, shi ya makara. Wannan ba ya jiranka. Shi zai murɗa, kai ka makara.”

“Zan riƙe ta.”

“Ka bari sai baɗi. Motan zai kwana a nan, ba za ka biya komai ba.”

Bitrus ya shafa saman motar. Ya ce, “Baɗi na Allah ne. Babana ma cewa ya yi mu je, zai biyo mu.”

Na ce masa, “Hamma, ko ka shiga, ka sassauta a wurin tudu.”

Ya ce, “Injiniya, wanda zai sassauta ai gida yake zama.”

Motarsa ce. Bappa ya miƙa masa makulli, ya ce shi ba zai je kallo ba. Malam Sani ya ƙara duba waldarsa sau biyu, ko da yake ba a nan matsalar take ba.

Ni na je. Filin tsohuwar gona ce da aka baje kunyoyinta, amma akwai wuri ɗaya da hanyar shanu ta ratsa, ƙasa ta yi tudu sannan ta faɗa. A zagayen farko motoci suna cunkushe, kowa ya haye tudun a hankali. A na biyu Bitrus ya wuce kowa sai mota ɗaya, kuma a lanƙwasa yana shiga ta ciki yadda bai taɓa iyawa da bokis ba. Mutane suna kiran sunansa. Ya zo tudun da cikakken gudu. Gaban motar ya tashi, ya sauka da nauyi, sai ta karkata hagu da kanta. Na ga ya mayar da ita dama. A daidai lokacin gaban ya sake ɗagowa, tayoyin suka koma ɗaya gefen, gyaran da ya yi ya zama ƙari. Ta fita daga layi a karkace, ta daki wani babban suri da ke bakin filin, ta kwanta a gefenta.

Ƙarafan kariyar da ke ciki sun yi aikinsu. Muka fito da shi ta gilashin gaba yana sane, bakinsa jini, hannunsa na hagu ba ya ɗaguwa. Bai tambayi jikinsa ba. Ya ce a tayar da motar kada mai ya shiga inda bai kamata ba. Da aka tayar da ita muka ga shasin ya lanƙwashe tun daga gaba har ƙarƙashin kujerar direba. Irin wannan ba ya miƙuwa.

Bayan ya fito daga asibiti ya zo gareji da hannu a rataye. Bai zargi kowa ba. Ya gaishe da Malam Sani kamar kullum, ya amince a sayar da gangar motar ga masu sayen tsohon ƙarfe. Abu ɗaya ya tambaya, ina bokis ɗin da aka cire. Yana ƙarƙashin teburin aiki, na jawo masa shi. Ya ce, “Wannan ne ya fito da mu.” Na ɗaura masa shi a bayan Keke mai ƙafa uku, ya tafi da shi gida.

Babu wanda ya ce wa Malam Sani komai, amma tun daga ranar ya rage magana. Idan Bappa ya ce “ɗauko shi”, sai ya tsaya har sai an kira sunan abin. Da damina ta wuce ya kwashe iyalinsa ya koma Kano. Suna gaisawa da Bappa a waya idan Sallah ta zo.

Na daɗe ina ɗaukar Hausar garin nan a matsayin Hausa mai giɓi. A aikin nan na gane cewa rabinta a baki take, rabi a hannu, kuma mutanen da suka tashi a cikinta sun san haka, shi ya sa ɗan Jimeta idan bai ga hannu ba sai ya ce “shi wa?” Malam Sani bai tambaya ba domin a Hausarsa maganar ta cika, ta kuma yi ma'ana. Da umarnin bai yi ma'ana ba, da ya sake kira. Wannan ne dalilin ƙa'idar da kuka tarar a garejin, wadda wasunku suke gani kamar ɓata lokaci: a waya ba a cewa “shi” ko “ita”, sunan abu ake kira, wanda aka ba umarni kuma ya maimaita shi da bakinsa. Har yau Bappa “motan” yake cewa. Na daina gyara masa, tunda yana faɗin sunan.

Abin da aka rasa: mota ɗaya, wadda babu irinta. Haƙoran Bitrus biyu na gaba. Ƙashin kafaɗa ɗaya da ya haɗe a karkace, ba ya iya jan doguwar tafiya da shi. Mai walda ɗaya. Rak ɗin kuwa ko lanƙwasa bai yi ba. Oga Sunday ya karɓe shi, yana cikin wata mota yanzu.